Ɗaukar gajeren fim kai kaɗai: ido biyu, aikin mutum biyar

Abin da yake fara ƙare wa mai ɗaukar fim shi kaɗai, tun kafin kuɗi da batir, shi ne hankali. A wurin ɗauka mai cikakkun ma'aikata, da zarar kyamara ta fara naɗa, akwai aƙalla mutum biyar da kowannensu ya zuba wa abu ɗaya tak ido. Darakta yana kan fuskar ɗan wasa. Mai kyamara yana lura da gefunan hoto. Mataimakinsa yana bin fokas, wato yana kula da hoton ɗan wasa ya riƙa fitowa tas. Mai sauti ya toshe kunnuwa da hedfon yana saurare. Mai kwantiniti kuma yana riƙe da lissafin hannun da aka ɗauki kofi da shi. Ɗaukar kaya da kafa fitila da gyara ɗaki duk za ka iya yin su ɗaya bayan ɗaya, lokaci kawai za su ci maka. Waɗancan biyar ɗin kuwa a daƙiƙa guda suke faruwa, kuma taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar.

Saboda haka dabarar gaba ɗaya ita ce ka rage abubuwan da suke buƙatar kulawa yayin da ake naɗa. Duk abin da za a iya saitawa a kulle tun kafin a danna maɓalli, a kulle shi. Abin da ya kamata ya rage maka idan an fara shi ne wasan da ake yi a gabanka, da kuma abin da yake shiga kunnenka.

Wannan kullewar daga rubutu take farawa. A tsarin rubutun fim da aka saba, shafi ɗaya yana ba da kusan minti ɗaya. Shafi 5 zuwa 8, da ’yan wasa biyu, da wuri ɗaya ko biyu, shi ne abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka ba tare da ya karye ba. Ka ɗauki alƙalami ka bi labarin kana soke duk abin da yake neman hannu na uku: kyamara tana bin mutum yana gudu, mutum huɗu suna gardama a tsaye suna zagaya ɗaki, hira a cikin mota tana tafiya, ƙaramin yaro, dabba, ruwan sama. Ko wane ɗaya daga cikinsu yana iya cinye yini guda. Sannan ka ƙirga sau nawa za ka ɗaga kyamara ka sake kafa ta. Kai kaɗai, ka ware wa kowace kafawa minti 20 zuwa 30 kafin ma a fara wasa, domin kai za ka matsar da ƙafar kyamara, ka matsar da fitila, ka matsar da makirufo, ka sake duba fokas. Idan ka haɗa da lokacin ɗaukar kanta da hutu, kafawa 12 zuwa 15 a yini ya isa buri. Jerin ɗauka mai guda 40 kenan kwana uku yake nufi, ko da zuciyarka tana ce maka za ka gama ranar Asabar.

Kada kuma ka bi tsarin labarin wajen ɗauka. Ka tara duk abin da kyamara za ta gani daga kusurwa ɗaya ka gama da shi, sannan ka juya. Wanda ya bi labari daki-daki zai yi ta kai fitila gabas yana dawo da ita yamma har rana ta faɗi.

Sauti ne inda mafi yawan irin waɗannan finafinai suke mutuwa, kuma a nan ya kamata kaso mafi tsoka na ɗan kuɗinka ya tafi. Mai kallo yana yafe hoton da ya ɗan yi duhu. Maganar da take fitowa kamar daga cikin rijiya kuwa, kafin minti ɗaya ya rufe ya tafi.

Tushen matsalar nisa ne. Duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kusan desibel 6, alhali hayaniyar ɗakin tana nan yadda take. Daga santimita 20 zuwa mita 3 da ɗoriya ninkawa ce sau huɗu a jere, wato an yi asarar desibel 24. Shi ya sa makirufon da aka ɗora a kan kyamara, komai tsadarsa, yake ɗauko ɗaki fiye da mutum. Makirufo mai araha a kusa da baki ya fi mai tsada a can nesa, kuma da wuya manhaja ta dawo maka da abin da nisa ya cinye ba tare da ta mayar da muryar kamar ta gwangwani ba.

Tun da ba ka da mai riƙe sandar makirufo, hanya biyu ta rage. Ta farko ita ce ɗan ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a riga, kowane ɗan wasa da nasa, a tsakiyar ƙirji, kamar santimita 15 zuwa 20 ƙasa da haɓa. Idan za ka ɓoye shi a ƙarƙashin tufa, abokin gabarka shi ne gogayyar yadi. Ka lanƙwasa wayar ta yi ɗan zobe a ƙasa da kan makirufon, ka liƙe zoben da salatif a jikin rigar ciki, domin idan an ja waya zoben ya shanye jan. Auduga ba ta da surutu sosai. Siliki da nailan da yadin da ya sha sitaci suna ƙarar da za ta rufe magana, haka ma sarƙar wuya da take bugun makirufon duk lokacin da aka juya. Wannan yana nufin tufafin ’yan wasa ma da kunne ake zaɓensu.

Hanya ta biyu ita ce ka ɗaure makirufo mai sanda a kan ƙafar ƙarfe, ya sauko daga sama, santimita 30 zuwa 60 daga baki, dab da inda hoto ya ƙare, yana kallon tsakanin baki da ƙirji. Muryar da yake bayarwa ta fi ta maƙale a riga daɗin ji, amma sharaɗinsa ɗan wasa ya zauna wuri ɗaya. Ya tashi ya taka biyu, ya fita daga gabansa. A ƙaramin ɗaki mai bango tsirara da daɓen tayil, dogon makirufon nan ma yana ruɗewa da amsa-kuwwa. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya. Idan ka ji tafin ya yi jela, ka kawo barguna masu kauri ka rataya a bangon da kyamara ba ta gani, ka shimfiɗa ɗaya a ƙasa.

Kafin ɗauka ta farko, ka sa hedfon, ka ce kowa ya yi shiru, ka rufe ido na rabin minti. Kunne tsirara ya saba watsar da ƙarar da ba ta dame shi ba, makirufo kuwa ba ya zaɓe. A nan za ka ji gurnanin firji, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, da agogon bango, da famfon da yake ɗiga. A kashe su duka. Tsohuwar dabarar masu sauti ita ce idan sun kashe firjin masu gida sai su jefa nasu makullan a ciki, ta yadda ba yadda za a yi su tafi ba su kunna shi ba. Wayoyi kuma a sa su a yanayin jirgin sama, domin sanya su shiru ba ya hana su cusa ɗan ƙugin nan a cikin makirufo idan kira ya shigo.

A kan rikoda, ka saita 48 kHz da 24-bit, ka sa ɗan wasa ya faɗi layin da ya fi ɗaga murya a ciki, ka daidaita ƙarfi har ƙololuwar ta tsaya wajen desibel -12 a ma'aunin sauti. Ka kashe tsarin da yake daidaita ƙarfi da kansa, domin duk lokacin da aka yi shiru sai ya ɗaga hayaniyar ɗaki, a fara magana ya danne ta, sautin ya riƙa numfashi. Rikodojin da suke naɗa da 32-bit float, irin su Zoom F3, sun sauƙaƙa wa mai aiki shi kaɗai sosai, tun da ihu ba ya fasa sautin a cikin fayil kuma raɗa ba ta ɓacewa. Sai dai ba sa maganin nisa, ba sa maganin gogayyar riga. Idan a waje kake, soson da yake zuwa da makirufo ba ya tare iska, sai hular nan mai gashi.

Abu uku ne ake mantawa idan an gaji, kuma duka ukun a wurin tacewa ake kuka da su. Tafi ɗaya a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, bayan ka faɗi lambar fitowa da ta ɗauka da baki, domin haɗa sauti da hoto. Shirun ɗaki na minti ɗaya a ƙarshen kowace fitowa, kowa yana inda yake, wanda da shi za ka cike giɓin da ke tsakanin maganganu. Sai kuma ka zaunar da ’yan wasa kusa da makirufo, ba kyamara, su maimaita layukansu sau biyu da irin yanayin da suka yi wasan. Minti biyar ne, amma ranar da ka gano babur ya wuce a kan kalma mafi muhimmanci a fim ɗin, daga nan za ka ɗebo madadinta.

Sai fokas. Kowa yana son hoton nan mai narkakken baya, shi ya sa ake buɗe gilashin kyamara har ƙarshe. Lambar f ce take nuna buɗewar: ƙaramar lamba, babbar buɗewa. Ga lissafin. Gilashin 50mm a f/1.8, a kan kyamara irin wadda ake kira full-frame, ɗan wasa yana nisan mita 2: faɗin wurin da yake fitowa tas bai wuce santimita 17 ba. Ɗan wasa ya ɗan sunkuyo gaba don ya jaddada magana, idonsa ya fita. A f/5.6 wurin yana kaiwa kusan rabin mita. Idan ka koma gilashin 24mm a f/5.6 ka saita a mita 2, kusan komai daga mita 1.3 zuwa sama da mita 4 zai fito. Wanda ba shi da mai bin fokas ya zauna tsakanin f/4 da f/5.6, ya samo rabuwar mutum da baya ta hanyar janyo ɗan wasa nesa da bango da kuma rage wa bayan haske.

Fokas mai sarrafa kansa ya inganta ƙwarai a sababbin kyamarori, amma bai karanta labarinka ba. Mutum na biyu ya shigo, sai ya tsallaka kan fuskarsa. Ɗan wasa ya juya baya, sai ya tafi neman bango. A fitowar da ake zaune, ka saita da hannu ka kulle. A wadda ake motsi, ka liƙa salatif a ƙasa inda ɗan wasa zai tsaya, ka gwada sau biyu. Kuma kada ka yarda da ɗan allon kyamara mai inci 3, komai a kansa tas yake fitowa. Ka zuƙo hoton har ka ga gashin ido kafin ka naɗa, ka sake zuƙowa bayan ka naɗa.

Idan kai ne kuma ɗan wasan, wahalar ta ninka. Ka kafa ƙafar fitila a daidai inda za ka tsaya, ka ɗaga ta tsayin idonka, ka rataya mata wani abu mai rubutu, ka saita fokas a kai, ka kulle, ka yi alama a ƙasa, sannan ka janye ta ka tsaya. Yawancin kyamarori suna da manhajar da take nuna hoton a waya, ka yi amfani da ita wajen duba tsayuwa, amma ka ajiye wayar inda idonka ba zai riƙa zamewa can ba. Ka bar sarari a gefunan hoto fiye da yadda kake so. Idan ka naɗa a 4K, wato 3840 da 2160, za ka fitar a 1920 da 1080, kana da damar zuƙowa har ninki biyu a wurin tacewa ba tare da hoton ya lalace ba. Wannan yana gyara kan da ya kusa yankewa, wani lokaci ma ya ba ka ɗauka ta kusa daga cikin ta nesa.

Sauran saitin kyamara ba su da yawa, kuma dokarsu ɗaya: kada a bar ko ɗaya a hannun kyamara. Firam 24 ko 25 a daƙiƙa, saurin shota kuma (lokacin da kowane firam yake shan haske) ninkinsa, wato 1/50 na daƙiƙa. Inda wutar lantarki take 50Hz, 25 da 1/50 suna hana fitilun gida ƙyaftawa a hoto. Inda take 60Hz, sai 1/60. Ƙyaftawar nan ba kullum ake ganinta a ƙaramin allo ba, sai an zo babba a ga zane-zane suna hawa. Ma'aunin launin haske a sa shi da lamba, 5600K ga hasken rana, 3200K ga kwan fitila mai ja-ja. Idan aka bar shi yana zaɓa da kansa, mai farar riga ya shigo launin ɗakin ya canza a tsakiyar magana. A tsakar rana a waje, ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara take jin haske) da 1/50 suna neman wajen f/22. Kafin ka sauko f/4 sai ka rage haske mataki biyar, aikin gilashin duhu na ND32 kenan. Wanda ba shi da shi yakan ɗaga shota zuwa 1/2000, motsi ya riƙa fitowa a tsinke.

Ra'ayina game da naɗa da launin nan mai kama da toka da ake kira log: idan kyamararka 8-bit take naɗa kuma ba ka taɓa gyaran launi ba, ka bar shi. Yana da wuyar auna haske a kansa, kuma idan ka matsa masa a tacewa sararin sama da bango suna tsagewa layi-layi. Launi na yau da kullum da aka auna daidai ya fi shi. Mai ɗauka da waya kuma ya sani cewa manhajar kyamarar da take zuwa da waya takan canza yawan firam a tsakiyar naɗi, abin da yake sa baki da murya su rabu a hankali a doguwar ɗauka. Manhaja irin Blackmagic Camera, wadda kyauta ce, tana ba ka damar kulle shota da ISO da launi. Fayil ɗin da ya riga ya zo da matsalar, a bi da shi ta manhajar HandBrake a mayar da firam ɗinsa tsayayye kafin a fara yanka.

Hasken taga kyauta ne kuma yana da kyau, amma ba ya jira. Rana tana matsawa digiri 15 a kowace awa, kai kuma kana da jinkiri. Fitowar da za ta zama minti biyu a fim tana iya cin awa uku a ɗauka, sai a wurin tacewa ka ga fuskar mace da hasken safe, ta mijin da yake amsa mata da na azahar. Ko dai ka zaɓi tagar da rana ba ta faɗowa ta cikinta kai tsaye, ko ka toshe tagar gaba ɗaya da baƙin yadi ka ƙirƙiri naka hasken. Fitilar LED ɗaya mai wat 60 da akwatin tausasa haske, ko farin zanin gado da aka rataya a gabanta, ta isa fuska biyu a ƙaramin ɗaki. Ka ajiye ta a gefe, ɗan sama da ido, ka sa farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da kaɗan. Idan fuskar ta yi fayau ba inuwa, ka cire kwalin ka sa baƙin yadi a wurinsa. Kwan da ke tsakiyar rufin ɗaki a kashe shi, shi ne yake zuba duhu a ramin ido. Kuma kada a gauraya hasken rana da kwan fitila mai ja a fuska ɗaya, domin rabi zai yi shuɗi rabi ruwan lemo, ba kuma lambar da za ta gyara duka biyun. Kowace ƙafar fitila a ɗora mata nauyi a gindi, ko jaka ce cike da littattafai. Babu wanda zai tare ta idan ƙafar wani ta ja waya.

Idan dole ne a yi waje, ka fara da ɗaukar nesa wadda take nuna sama da inuwa, ka bar na kusa daga baya. Fuska ana iya yi mata dabara da kwali da yadi, fili kuwa ba a iya yi masa.

Akwai wani lokaci da duk mai wannan aiki zai gamu da shi. An gama ɗauka, ka ce a tsaya, ’yar wasa ta juyo ta kalle ka tana jiran ta ji yadda ta yi. Kai kuma duk tsawon minti biyun nan idonka yana kan ma'aunin sauti da gefen hoto inda kan makirufo yake leƙowa. Ba ka ga wasan ba. Sai ka ce “ya yi kyau, mu ƙara ɗaya,” ita kuma ta gane ba ka gani ba. Daga nan ta daina gwada sabon abu, ta koma yin abin da ta tabbata ba zai zama kuskure ba, wasan ya mutu a tsaye.

Maganin wannan rabinsa yana kafin ranar ɗauka. Ku yi atisaye sau biyu ko uku ba kyamara, a wurin da za a ɗauka idan zai yiwu, har ku gama gardamar ma'anar kowane layi da inda kowa zai tsaya. Rabin na biyu shi ne ka raba ɗaukar gida biyu a ranka: ta farko ta na'ura ce, kana duba fokas da sauti da gefuna, ka kunna ta ka kalla da hedfon har ƙarshe. Idan ta fito lafiya, daga ta biyu ka ɗauke ido daga lambobi ka kalli mutum. Kuma idan za ka ba da gyara, ka ba da abin yi. “Ƙara baƙin ciki” ba ya taimakon kowa. “Kina ƙoƙarin kada ya gane kin riga kin sani” abu ne da za a iya wasa da shi.

Gajiya tana kawo kurakuran da suke kama da wauta. Mafi shahara shi ne danna maɓalli sau biyu, ko mantawa da shi, a yi wasa mafi kyau na yini kyamara tana kallo ba ta naɗa ba. Ka mayar da shi al'ada ka faɗa da baki: sauti yana tafiya, ka ga lambobi suna gudu, kyamara tana tafiya, ka ga jan ɗigo, sannan tafi. Ka bar daƙiƙa biyar kafin a fara da biyar bayan an gama, ’yan wasa suna cikin yanayinsu. Sau da yawa kallon da ya fi komai a fitowar yana cikin waɗannan daƙiƙun na ƙarshe.

Kwantiniti kuwa wayarka ce mataimakiyarka. Hoton tebur, hoton tufafi, hoton yawan ruwan da ke cikin kofi, kafin a fara da bayan an gama. Ka ja layi a ranka tsakanin mutum biyun da ke magana, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin. Ka tsallaka shi, su biyun za su fito suna kallon gefe ɗaya kamar da wani na uku suke magana. Kafin ka bar kowane wuri, ka ɗauki ƙananan abubuwa huɗu ko biyar, daƙiƙa goma-goma: hannu a kan tebur, ƙofa, labule yana motsi, fuskar mai saurare. Da su ake ɗinke ɗauka biyu da suka ƙi haɗuwa.

Lissafin ajiya ba shi da wuya. Kyamarar da take naɗa 100 Mbps tana cin megabait 750 a minti, wato gigabait 45 a awa, don haka kati mai gigabait 128 bai kai awa uku ba. Katin ya zama mai alamar sauri ta V30 aƙalla, kuma a gwada shi ta hanyar cika shi kafin ranar aiki, domin jabun kati yana nuna girman da ba shi da shi, sai ya cika ya fara cinye fayilolin farko. Kowane dare a kwafe zuwa wuri biyu daban, a buɗe wasu fayiloli a kalla, sannan a goge kati. Batir uku ne mafi ƙaranci, ko a haɗa kyamara da babban batir ta USB idan tana karɓa. Tsofaffin kyamarori da yawa suna tsayawa da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59, wasu kuma zafi yana kashe su a 4K tun kafin nan, saboda haka a riƙa kashewa tsakanin kafawa da kafawa, a janye allon daga jikinta ta sha iska.

A teburin tacewa kaɗaici yana da wata illar. Ka san wahalar da kowace ɗauka ta ba ka, sai ka kasa zubar da wadda ta cinye maka rabin yini ko da ba ta ƙara wa labarin komai. Ka kuma san labarin ciki da bai, har ba ka ganin inda ya yi giɓi. Idan ka gama yanka na farko, ka rufe shi mako guda. Sannan ka nuna wa mutum uku da ba su san labarin ba, kada ka yi musu bayani ko kalma ɗaya, ka zauna a bayansu ka lura da inda suka taɓa waya. Bayan an gama kada ka tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi. Ka ce su ba ka labarin abin da ya faru. Inda labarinsu ya saɓa da naka, nan aikin yake.

Manhajar DaVinci Resolve ta kyauta ta isa yanka da launi da sauti. Idan kwamfutar tana shaƙewa da 4K, ka sa ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi ka yi aiki da su. A sauti, magana ake fara gyarawa, a shimfiɗa shirun ɗakin nan a ƙarƙashinta, sannan ƙarar abubuwa, kiɗa a ƙarshe. Ka riƙa barin muryar mai magana ta shigo kafin a ga fuskarsa, yankan yana ɓacewa. YouTube yana rage duk abin da ya wuce wajen -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, don haka ƙure ƙarfi ba ya ƙara komai. Ka saurara a hedfon, ka kuma saurara a lasifikar waya, tun da a nan mafi yawan mutane za su ji shi.

Takardu ma aikinka ne. Kowane ɗan wasa da mai wurin da aka ɗauka su sa hannu a takardar amincewa kafin a fara, lokacin da kowa yake cikin fara'a. Kiɗan da ba ka da izininsa a rubuce kada ya shiga, ko da na daƙiƙa goma ne yana tashi daga rediyo a bayan fage. Idan kana da niyyar bukukuwan finafinai, ka karanta sharuɗɗansu kafin ka ɗora fim ɗin a intanet, domin wasu ba sa karɓar abin da ya riga ya fita. Ma'aunin masu ba da kyautar Oscar na gajeren fim shi ne minti 40 ko ƙasa da haka har da sunaye, amma masu tsara bukukuwa sun fi samun gurbin sa fim mai minti 8 ko 12 fiye da mai 30.

Idan kuma a ƙarshe ka samu mutum ɗaya da ya yarda ya ba ka yini guda, ko bai taɓa ganin wurin ɗauka ba, kada ka ba shi kyamara, kada kuma ka mayar da shi ɗan aike. Ka sa masa hedfon, ka ba shi sandar makirufo, ka nuna masa yadda zai bi bakin mai magana daga sama ba tare da ya motsa yatsu a jikin sandar ba. Ka ce masa duk abin da ya ji wanda ba magana ba ne, ya jira a tsaya sannan ya faɗa maka.